Jinin Baba Mai Doya

Ranar Asabar ɗin da Goggo Hajara ta zo mana yini, muna zaune a tsakar gida muna tsinke zogale, sai Yaya Sadiq ya ce shi fa ya gama yanke shawara: in ya shiga jami'a, aikin lab zai karanta, irin na Goggo. Goggo yayar babanmu ce. Ta yi shekaru masu yawa tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a nan Gwagwalada, bara ta yi ritaya.

"Me ya ba ka sha'awa?" in ji ta, ba ta ko ɗago kai daga tiren ba.

"Sanyin esi mana, Goggo. Ka sa farar riga, a kawo maka jini, ka zuba a inji, ka danna maɓalli, takarda ta fito. Ba ruwanka da ihun marasa lafiya."

Goggo ta yi dariya har sai da ta ajiye reshen da ke hannunta. Ni dai na ci gaba da tsinka. Na lura ita kaɗai ce a cikinmu ba a samun ko tsinke ɗaya a ganyenta, kuma in za ta zuba ruwa a kofi, sai ta ɗaga kofin daidai idonta.

"To matso kusa, mai danna maɓalli," ta ce. "Jini ɗaya tak zan ba ka labarinsa, na wani tsoho da gonarsa ta kusa salwanta. Ke ma uwata, buɗe kunne, kada gobe ki biyo shi."

Ga abin da ta faɗa mana, da bakinta, yadda na iya riƙe shi.

*

Wata safiya gab da saukar damina, wata mata ta shigo lab ɗinmu riƙe da kwalbar jini a cikin ledar burodi, ta lulluɓe ta da bakin zani kamar mai ɗauke da ƙwai. A asibitinmu sau da yawa 'yan uwan majiyyaci ne ke kawo jinin da kansu. Ba zan faɗa muku sunanta ba, aikinmu ya hana. Mu ce Ladi. Doya take sayarwa a kasuwa. Jinin na mahaifinta ne, wani tsohon manomi daga ƙauyukan bayan gari. Shi kuma mu kira shi Baba Mai Doya.

Ta miƙo ledar, ta ƙi tafiya. Ta zauna a bencin bakin ƙofa ta shiga ba ni labari tun ban tambaya ba. Wai a shekarar da ta gabata Baba ya faɗo daga babur, kansa ya bugu, daga nan farfaɗiya ta same shi. Aka ɗora shi a kan wani magani, fenobabiton, ƙwaya ɗaya kullum kafin ya kwanta. Maganin yana hana faɗuwa, amma ɗan uwan maganin barci ne. In ya yi kaɗan a jini, ciwon ya dawo. In ya yi yawa, mutum ya koma kamar bugagge. To faɗuwa dai ta tsaya, sai barci ya maye gurbinta. Baba ya yi barci a kan tuwo, ya yi barci a coci har da minshari, wata rana aka tsince shi kwance tsakanin kunyoyin doya, rana tana dukansa. Harshe ya yi nauyi, tafiya ta zama tangaɗi. Shi ne aka kwantar da shi a asibitinmu.

"Madam," ta ce, "yayana ya ce kan Baba ya ƙare. Ya samu masu gina gidaje, suna son gonan. Ya ce in likita ya ce tsufa ne, za mu sayar, a kai Baba unguwar Maitama ya zauna ɗakin baya, gidan da yayan nawa yake aikin ba furanni ruwa. Babana ba zai daɗe a can ba. Mutum da bai taɓa kwana inda zakara ba ya cara ba?"

Likitar da ke duba shi matashiya ce mai natsuwa. Ta ce ita ba za ta ce tsufa ba ne, ba za ta ce ba tsufa ba ne, sai ta ga yawan maganin da ke cikin jininsa. Kun ga ke nan gona tana jiran likita, likita tana jirana, ni kuma ina jiran injin da a waccan shekarar ko sallama ba ya amsawa sai ya ga dama.

Bari in gaya muku yadda injin yake. Sunan aikin kiromatogirafi, amma Oga Pius, wanda ya koya mini, tsere yake ce masa. Akwai wani siririn bututun ƙarfe, bai wuce tsawon biro ba, muna ce masa kwalam. An danƙare cikinsa da wani farin gari mai laushi. Fanfo yana tura ruwan sinadari ta cikinsa ba tsayawa. Sai ka saka ɗigon ruwan jini a bakin bututun. Duk abin da ke cikin jinin sai ya kama hanya, amma ba tare suke isa ba. Wani garin zai riƙe shi ya daɗe, wani ya wuce fit. A ƙarshen bututun akwai fitila mai ido. Duk wanda ya fito sai ta gan shi, layin da ke kan allon kwamfuta ya tashi ya yi tudu ya sauko. Lokacin da tudun ya fito shi ke gaya maka wane magani ne. Girman tudun kuma shi ke gaya maka yawansa.

Nan Yaya Sadiq ya katse Goggo. "To ai shi ne na ce. Injin ke yin komai."

Goggo ta miƙa masa wani reshe. "Tsinke, bakinka ya fi hannunka aiki. Ka taɓa ganin jini ya taka da ƙafarsa ya shiga inji?" Ta share gefen tiren da tafin hannu, ta ja layi da tsinken zogale, ta yi masa tudu a tsakiya don mu gani. Sannan ta ci gaba:

Jinin da aka ɗebo ba ya shiga kwalam haka nan. In ya shiga, ka kashe kwalam, Oga kuma ya kashe ka. Sai ka fara wulwula shi a wani inji, jan ya kwanta ƙasa, ruwan ya taso sama, launin man gyaɗa. Ka ɗebi ruwan da fifet, wani abin ɗiba mai kama da ƙaton biro. Ka ɗiga masa ɗan rakiya. Ɗan rakiya sinadari ne da ba a samunsa a jikin mutum, kuma ka san daidai yawan da ka zuba. In wani abu ya zube ko ya bushe a hanya, shi zai tona, don tudunsa zai ragu. Ka ƙara wani ruwa da zai sa dattin jinin ya dunƙule kamar ana haɗa awara. Ka sake wulwulawa, ka tace. Duk da haka ba ka fara ba. Kafin na majiyyaci ya shiga, sai ka tura waɗanda ka riga ka san yawan maganin da ke cikinsu, daga ƙarami zuwa babba, su zama maka ma'auni. In ma'aunai suka yi ƙarya, ranar ba ka da wani aiki sai neman dalili.

Ranar da na fara aiki, na zo da takardar digirina da sabuwar farar riga, karin guga kamar wuƙa. Oga Pius ya dube ni sama da ƙasa, ya ba ni kofin ruwa da fifet da sikeli. "Malama, ɗebi ruwa ki auna." Na ɗeba, na auna. "Sake." Na sake. "Sake." Haka na yi ta ɗiban ruwa kamar mai garuwa, wata da watanni, sai da ɗigon da na ɗeba da safe da wanda na ɗeba da la'asar suka zama nauyi ɗaya. Hannun mutum yana da hali, ba ku sani ba. Yana gaggawa in yunwa ta taso, yana rawa in an ɓata wa mai shi rai. Da na ci wannan sai ya ƙara mini girma zuwa wanke kwalabe. A wanke da sabulu, a ɗauraye da ruwan famfo, a sake ɗaurayewa da tacaccen ruwa. Ya ɗaga kwalba ga hasken taga, in ɗigo ya maƙale a jikinta ya miƙo mini ya ce, "Wannan kai gida ki zuba yaji." A lokacin ma babu injin. Farantin gilashi muke ɗiga wa jini, a tsoma gindinsa a sinadari, a jira ya hau, a fesa masa wani ruwa mai wari, sannan a tsaya ana gardama a kan tabo. Da injin ya zo, sai da ya shekara yana aiki kafin Oga ya bar ni in kwance kwalam da hannuna.

Masu zuwa mana kala-kala ne. Akwai iyayen yara masu farfaɗiya, su ne masu yawa, har sunan 'ya'yansu nake riƙewa. Akwai likitocin ɗakin kulawa ta musamman, masu son sanin ko maganin barcin da aka ba majiyyaci ya gama fita daga jikinsa. Wani Alhaji ya taɓa aiko direbansa da gorar jiƙo, wai tunda yake bai taɓa samun na gargajiya mai sa barci irin wannan ba, a duba masa sirrin itacen. Muka duba. Ƙwayar bature ce aka daka aka zuba. Kuma kowa da kuskuren da yake kawo maka. Jinin nan ana ɗibarsa ne kafin a sha ƙwaya ta gaba, amma sai uwa ta ba yaro magani a bakin ƙofar asibiti don kada a ce ta yi sakaci. Wani a ɗebo jinin a hannun da ake ƙarin ruwa. Wani a kawo kwalba ba suna. Duk wannan inji bai san da shi ba. Kai ne za ka tambaya.

Shekarar da jinin Baba ya zo, ita ce mafi muni da na gani a aikin. Oga Pius ya yi ritaya ya koma garinsu. Kayan gyara sun daina shigowa. Robar fanfo tana ɗiga, na ajiye mata murfin kwalba tana tara. Kwalam ɗaya ya rage mana, ya tsufa, tudun yana fitowa da jela. Ga wuta. Injin nan sai ya yi ɗumi, ya natsu, layi ya miƙe, sannan ake saka jini. Yana natsuwa sai a ɗauke wuta. Kafin janareta ya tashi fanfo ya tsaya, kumfa ta shiga bututu, a koma farko. Injin wulwula jini ma ya mutu. Na kwance cikinsa, na tafasa abin da ke tafasuwa, na goge sauran, na naɗe a tsohon ɗankwali na hau mota zuwa Apo, unguwar masu gyaran mota. Wani mai rewaya, mai gyaran wutar mota, ya buɗe ya ce ɗan gawayin da ke kai masa wuta ne ya cinye, ya sassaƙa na wata tsohuwar mota ya saka masa. Yana ɗaure noti yana tambayata, "Hajiya, wai wace irin mota ce wannan?" Na ce ba mota ba ce, jini yake juyawa. Ya ajiye sifana ya je ya wanke hannu da fetur, ya dawo ya sake wankewa da omo. A can kuma muka samo batiran tirela aka haɗa mana da inbata, don fanfo ya riƙa numfashi kafin janareta ya tashi. Esi kuwa tuni ya lalace. Zafi yana sa 'yan tseren su iso da wuri, lissafi ya rikice, saboda haka da sassafe muke aiki, mu jiƙa labule mu rufe taga.

"Esin ma babu?" in ji Yaya Sadiq.

"Esin da kake kwaɗayi ba don kai aka sa shi ba, ɗan nan, don injin aka sa," Goggo ta ce. "Kai albarkacinsa kake ci." Umma da ke bakin kicin ta yi dariya har da tari. Goggo ta jira ta gama, sannan ta ci gaba:

Washegari da sassafe na shirya jinin Baba. Ma'aunai suka fito lafiya, kowa a gurbinsa. Na saka nasa. Da lokacin fenobabiton ya yi, layi ya tashi, ya yi ta tashi, ya wuce babban ma'aunina, kan tudun ya yanke a saman allo. Ƙwaya ɗaya ba ta yin haka.

A aikinmu in ka ga abin mamaki, kanka kake fara zargi. Na tura ruwa zalla, ko wani jinin ya bar saura a allura. Layi ya wuce shafal. Na dubi ɗan rakiya, yana nan daidai girmansa. Na surka jinin Baba da ruwan jinin da babu magani a ciki, na sake turawa, na yi lissafi. Ya ninka abin da ake so, har da ɗori. Na ce ko wani abu ne daban yake isowa tare da shi suka hau kan juna. Na canza haɗin sinadarin don su rabu in su biyu ne. Tudu ɗaya ne.

Da ƙafata na kai wa likita. Ta kira Ladi ta ce, "Ƙwaya nawa kike ba shi?"

"Ɗaya, Dakta. Da hannuna. In na ƙara ko rabi, kada in sayar da doya ɗaya bana."

Likita ta karɓe maganin da ke hannun Ladi, ta ce a dakatar da shi, nas-nas su sa ido ko zai faɗi. Maganin nan ba ya saurin fita daga jiki, balle jikin tsoho. Ta ce a ba shi kwanaki, a sake ɗiban jini. In maganin ne, tudu zai sauka, Baba ya farka.

Kwanakin suka cika, Baba bai farka ba. Ladi ta kawo jini na biyu, wannan karon ba labari, ta zauna a benci ta zuba tagumi. Na tura. Tudun yana nan kusan inda na bar shi.

Da rana sai ga babban ɗan a ƙofata, dogo, da takalmin roba mai laka. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Madam, kar ki ji haushi. An daina ba shi maganin asibiti, ke kin ce magani yana nan. Na ji an ce a Apo aka gyara injin ku. Ni ma ba na so in sayar. Amma wa zai noma? Ni ina Maitama, autanmu yana gareji, Ladi tana kasuwa. Masu son gonan sun ce Juma'a za su zo, in ba mu shirya ba za su nemi wani."

Ban ji haushi ba, don tambayar da ya yi ita nake yi wa kaina tun safe. Yana fita likita ta shigo. "Anti," ta ce, "tsakani da Allah, kin yarda da injin nan?"

Na ce ban taɓa yarda da shi ba, shi ya sa nake gwada shi kullum. Na nuna mata abin da na yi kafin ta zo. Na sa an ɗebi jinina, ni da ba na shan komai sai shayi, na tura, layi shafal. Na ɗiga wa jinin nawa magani gwargwadon da na sani, na tura, ya dawo mini da abin da na zuba. Jinin yaran da aka kawo a makon duk ya yi daidai da abin da suke sha. Na ce, "Dakta, in ƙarya yake yi, me zai sa ya zaɓi Baba shi kaɗai?"

Ta sake duban allon. Can ta ce, "To maganin yana shiga ta wata ƙofa." Ta aika a gaya wa 'ya'yan duka su zo lokacin ziyara da la'asar, kowa ya riƙo duk abin da yake kawo wa Baba, ko goro ne. Ta ce ni ma in zo.

Muka taru a bakin gadonsa. Baba yana zaune an tokare shi da filo, haɓa a ƙirji. Ladi ta buɗe kular tuwo. Babban ɗan ya fito da lemo da burodi. Autan, wani siririn bakanike da baƙin mai a farce, ya ajiye gorar kunu. Likita ta shinshina, ta ce in ɗebi kunun in gwada. Har na fito da kwalba, sai ta tsaya. Ta durƙusa daidai kunnen tsohon, ta yi abin da a cikinmu babu wanda ya yi tun da aka kwantar da shi: ta tambaye shi.

"Baba, sannu. Wane magani kake sha?"

Ya buɗe ido ɗaya. Ya dube ta. Sannan ya tura hannu ƙarƙashin filo a hankali, ya jawo hularsa ta saƙi, ya zazzage a kan bargo. Wani farin kwali mai rubutun zinariya ya faɗo, da wata 'yar leda cike da ƙananan ƙwayoyi.

"Na Ladi, kun karɓe," ya ce, harshe na ja. "Wannan na babba. Wannan na auta."

Babban ɗan ya dubi ledar, ya dubi ƙaninsa. "Kai ma?"

"Yaya, kai ma?"

Ashe tun da Baba ya fara faɗuwa, babban ya je wani babban kemis a cikin gari ya faɗi ciwon, aka ba shi kwalin nan, wai na ƙwaƙwalwa ne, ɗan waje. Autan ya je wani kemis kusa da garejinsu, aka ƙulla masa na leda, wai na jijiya ne. Kowa ya kai wa Baba a ɓoye, duk wata yana sabuntawa, bai gaya wa kowa ba, don kada Ladi ta ga kamar ana cewa ba ta iya jinya ba. Likita ta juya kwalin, ta karanta ƙananan rubutun da ke gefe. Ta ɗauki ƙwayar leda ta duba tambarin jikinta. Ta miƙo mini. Fenobabiton ne duka, kamfani ne kawai ya bambanta.

"Baba, duka kake sha?"

"Duka. Kullum."

"Me ya sa?"

Ya buɗe ɗayan idon, kamar an yi masa tambayar yara. "Yaro ya kawo maka abu da guminsa, ka ce ba ka so? In na sha na wannan na bar na wancan, wa zai ji daɗi?"

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ba a gaya wa yaro abin da ɗan uwansa ya ba ka. Haka ake haɗa su faɗa."

Yana gama faɗa ya koma barcinsa. Nas ɗin da ke tsaye ta juya baya, kafaɗarta na rawa. Ladi ta ɗora hannu biyu a ka. "Ku biyu," ta ce, "kun kusa kashe mini uba da kirki! Ni ina ta rantsuwa kamar ɓarauniya!" Autan ya ce ai nasa ne ya tsayar da faɗuwar. Babban ya ce na leda har magani ne? Sai da likita ta kore su waje suka ƙarasa gardamar a baranda. Ta tattara magungunan, ta mayar wa Baba hularsa babu komai a ciki.

"Shi ke nan ya warke?" Yaya Sadiq ya tambaya. Ya daina tsinke zogalen, reshe ɗaya yake ta juyawa a hannu.

"Ina fa," in ji Goggo. "Juma'a ta riga farkawarsa zuwa." Ta ci gaba:

Ranar Alhamis babban ɗan ya sake zuwa ƙofata. Baba har lokacin barci yake, sai dai ya fara juyi da kansa. Da safen ranar na tura jini na uku. "Madam, gaya mini gaskiya," ya ce, "zai tashi?" Na ce wannan tambayar likita ce, ni abin da na auna kawai zan iya nunawa. Na shigo da shi, abin da ba na yi, na buɗe masa allo. Na nuna masa tudun farko da na biyu, sannan na yau. Ko wanda bai yi makaranta ba zai ga na yau ya gajarta. Ya sa yatsa yana aunawa a kan gilashin. Ya fita ya roƙi masu gidajen su ƙara masa lokaci. Suka ƙara, da ƙorafi.

Jini na huɗu, Ladi ta shigo da shi tana dariya tun daga baranda. "Madam, Baba ya fara masifa! Ya ce tuwon asibiti ba gishiri, ya ce wa ya aske masa gemu!" A ranar ma sai da aka ɗauke wuta ana tsakiyar tsere, batiran tirela suka riƙe fanfo, ina tsaye a kansu ina salati. Tudun ya sauko cikin ma'aunai. Da jini na gaba ya zo daidai inda ake so, likita ta mayar da shi kan ƙwaya ɗaya, ta ce a hannun Ladi kaɗai, ta kuma sa ranar da zai dawo a sake aunawa.

Ranar da aka sallame shi, ina wanke kwalabe sai na ji sanda tana buga ƙofa. Baba ne da ƙafarsa, hula a ka, 'ya'yan a bayansa. Ashe gajere ne mai faɗin kafaɗa, muryarsa kamar ganga.

"Ina abin da ya kai ƙarata wurin likita?"

Na nuna masa kwalam ta bakin ƙofa. Ya ƙanƙance ido. "Wannan ɗan tsinke? Shi ya ga cikin hulata?" Ya girgiza kai. "Allah ya kiyaye mu da shi."

Nan babban ɗan ya cire hularsa, ya durƙusa a barandar lab, ya gaya masa maganar gona, wadda har ranar ba wanda ya yi ƙarfin halin faɗa masa. Ya ce masu gidajen suna jiran amsa yau. Baba ya saurara har ƙarshe, bai katse shi ba. Ladi ta riƙe bakin zaninta.

"Kira su," in ji Baba.

"Baba?"

"Kira su yanzu, ina ji. Ka ce mai gona ya tashi daga barci."

Babban ɗan ya fito da waya ya kira, a nan bakin ƙofata, Baba yana tsaye a kansa da sanda har ya gama. Sai autan ya matso yana sosa ƙeya, ya ce, "To Baba, yanzu da an hana mu kawo magani, me za mu riƙa kawo maka?"

Baba ya leƙa sararin sama ta ƙarshen baranda, inda hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

"Asabar kowa ya zo da garma," ya ce. "Ita ko goma kuka kawo, ba za ta yi wa gona yawa ba."